Kaya a Saman Mota: Kariya, Nauyi da Hanyoyin Dajin Bauchi

Jihar Bauchi, wadda aka ƙirƙira a 1976 kuma take da ƙananan hukumomi 20, ƙasa ce da kwalta ta haɗa manyan garuruwanta, amma ɗimbin ƙauyukanta da rugage da gonaki da dazuzzuka ba a kai gare su sai ta burji, ko ta turbar da sawun tayoyi ya fitar a tsakanin ciyawa. Wannan ne ya sa motocin shiga daji, wato masu tsayi daga ƙasa waɗanda injinsu ke iya juya ƙafafu huɗu gaba ɗaya, suka zama kayan aiki na yau da kullum ga ma'aikatan lafiya da masu gadin daji da 'yan kwangila da manyan manoma da ke tashi daga birnin Bauchi. Kusan kowace irin wannan mota tana ɗauke da kariya, wato shimfiɗar ƙarfe mai ɗan shinge da ake kafawa a kan rufi domin ɗora abin da cikin mota ya kasa ɗauka. Masu walda na garin sun ƙware wajen ƙera ta, direbobi kuma sun ƙware wajen cika ta, sai dai ilimin nauyin da rufi zai iya jurewa, da yadda wannan nauyi ke sauya tafiyar mota, bai yaɗu kamar yadda sana'ar ta yaɗu ba, alhali a kansa ne lafiyar mota da rayukan waɗanda ke cikinta suka rataya.

Ƙasar da ke tilasta ɗaukar kaya

Hanyoyin da ke fita daga Bauchi suna kai matafiyi ga ƙasa iri-iri, kuma kowace tana da guzurin da take buƙata. Wanda ya bi titin Gombe ya karya kwana a Dindima zai shiga yankin Alkaleri, inda Gandun Dajin Yankari yake, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe wannan daji a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a matsayin gandun ƙasa a 1991, sannan aka mayar wa jihar a 2006. Daga ƙofar Mainamaji zuwa sansanin Wikki, inda maɓuɓɓugar ruwan ɗumi mai zafin kusan digiri 31 take, tafiya ce ta fiye da kilomita 40 a cikin daji, daga nan kuma turbobin da ke gangarawa kwarin kogin Gaji suke farawa, waɗanda masu sintiri ke bi rani da damina domin tsare giwaye daga mafarauta. A ƙaramar hukumar Alkaleri ce kuma filin man Kolmani yake, a kan iyaka da Jihar Gombe, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Nuwamban 2022.

Ta yamma da kudu, wajen Toro da Dass da Tafawa Balewa da Bogoro, duwatsu ne da gangara da kwazazzabai, inda mota ke karkata gefe guda tana tafiya. Ta titin Ningi akwai Gandun Sumu a Ganjuwa da dajin Lame-Burra, sannan can arewa, a ƙasar Katagum da Gamawa da Zaki, jigawa ce mai rairayi da fadamun da ke cika idan kogin Jama'are ya kawo. A daminar 2024 ambaliya ta yanke wani ɓangare na babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum, abin da ya nuna cewa ko mai bin kwalta yana iya samun kansa a kan turbar laka ba tare da ya shirya ba. Direban da zai shiga irin waɗannan wurare ya san babu gidan mai, babu mai faci, babu bakanike na tsawon awoyi, don haka dole ya tafi da mansa da ruwansa da safayarsa da shebur, kuma idan mutane sun cika kujeru, idonsa yakan koma kan rufi.

Daga hannun mai walda

Bauchi tana da daɗaɗɗen tarihi da aikin ƙarfen mota, domin a ƙarshen shekarun 1970 ne kamfanin Steyr, mai tushe a ƙasar Ostiriya, ya kafa masana'antar haɗa manyan motoci da taraktoci a garin, kamar yadda kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 mai dogon baya da Land Rover da Land Cruiser samfurin 70, wanda aka fara ƙerawa a 1984, duk suna da magudanar ruwa, wato ɗan kwararo na ƙarfe da ya zagaye gefen rufi, kuma a kan wannan kwararo ne ƙafafun kariya ke zama, a matse su da noti, ta yadda nauyi zai sauka a kan ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi maimakon fallen rufi. Motocin zamani da yawa ba su da wannan magudana, sai dai wasu ramukan noti da kamfani ya ɓoye a ƙarƙashin roba, ko dogayen sanduna biyu da aka shimfiɗa tun daga masana'anta. Mai waldan da bai san da waɗannan ramuka ba yakan huda rufin da kansa, kuma daga wannan huda ce yoyon damina da tsatsa suke samun mashiga.

A rumfar mai walda aikin yakan fara da awo, inda za a miƙa tef daga saman gilashin gaba zuwa ƙofar baya, a yanka bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, a jera shi a ƙasa a ɗiga masa walda a kusurwoyi, a ɗaga shi a gwada a kan mota, sannan a sauke a kammala ɗinkin, a goge, a shafa jan fenti mai hana tsatsa kafin baƙi. Gwanin mai walda ana gane shi ta abubuwan da mai mota ba ya lura da su: yakan yi ƙafafu uku ko huɗu a kowane gefe domin raba nauyi, yakan sa roba tsakanin ƙafa da jikin mota, yakan toshe bakin bututu don kada ruwa ya kwanta a ciki, kuma yakan cire kan batir idan tilas ta sa zai yi walda a jikin motar, saboda wutar walda na iya lalata na'urorin lantarki. A kan Hilux mai ƙofa huɗu, wadda ita ce motar aiki ta hukumomi da ƙungiyoyi da yawa, akwai wata ƙa'ida ta daban, domin ɗakin direba da bodin baya suna zaune ne kowanne da kansa a kan shasi, suna murɗawa daban-daban idan mota ta shiga gargada, don haka kariyar da aka ɗaure ta ƙam a kan su biyun sai ta tsage, ko ta tsaga rufin.

Akwai kuma kariyoyin da ake shigowa da su daga waje, na kamfanoni irin su Front Runner na Afirka ta Kudu da ARB da Rhino-Rack na Ostareliya da Thule na Suwidin, waɗanda galibinsu na alminiyom ne. Nauyin alminiyom kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe idan girmansu ɗaya, don haka irin wannan kariya takan bar wa kaya wuri mai yawa a cikin lissafi. Sai dai tsadarta ta fi ƙarfin yawancin masu mota, kuma idan ta karye a ƙauye ba kowane mai walda ne ke da injin da zai ɗinke alminiyom ba, alhali ta ƙarfe ana iya gyara ta a kusan duk garin da ke da janareto. Saboda haka kariyar gida tana da hujjarta mai ƙarfi, kuma abin da ya rage mata kawai shi ne a san nauyinta kafin a ɗora ta.

Nauyin da rufi ke iya ɗauka

Kowane kamfanin mota yana ƙayyade nauyin da rufin motarsa zai ɗauka tana tafiya, kuma ana samun wannan adadi a littafin da ke zuwa da motar. A motoci da yawa adadin yana tsakanin kilo 50 da kilo 100, wasu motocin aiki kuma sukan haura haka. Abu biyu ne ake yawan mantawa game da shi. Na farko, nauyin kariyar kanta yana cikin lissafin, ta yadda idan rufi na ɗaukar kilo 100 kuma kariyar ta kai kilo 50, abin da ya rage wa kaya kilo 50 ne kacal. Na biyu, akwai bambanci tsakanin nauyin tsaye, wato abin da rufi zai jure mota tana ajiye, da nauyin tafiya, wanda ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, domin duk lokacin da taya ta faɗa rami kayan kan ɗaga su dawo su bugi rufin da ƙarfin da ya ninka nauyinsu. Wannan ne dalilin da ya sa wasu masu ƙera kariya suke umartar a rage kashi ɗaya cikin uku na adadin idan za a sauka daga kwalta.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wannan fage ido yakan yaudari mai shi, domin kayan da suka fi nauyi su ne suka fi ƙanƙanta a gani. Litar ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarkar nan mai lita 25 da kowa ya sani kilo 25 ce idan an cika ta da ruwa, kimanin kilo 21 idan man dizal ne, sannan safayar babbar mota tare da ƙarfenta tana kai kilo 30 zuwa 40. Idan aka ɗauki misalin kariya mai kilo 50 da aka ɗora wa safaya ɗaya da jarkokin dizal huɗu, nauyin ya doshi kilo 170 tun ba a sa buhu ko akwati ko ɗaya ba, kuma mai kallo daga ƙasa zai ga kamar har yanzu rufin fayau yake.

Haɗarin da ya fi tsagewar rufi girma shi ne kifewa. Kowace mota tana da abin da masana kimiyya ke kira cibiyar nauyi, wato wurin da za a iya cewa dukkan nauyinta ya tattaru, kuma gwargwadon nisan wannan cibiya daga ƙasa, gwargwadon saurin da motar ke yi wajen kwantawa idan ta karkata ko ta sha kwana da gudu. Motocin daji tun asali dogaye ne, cibiyarsu ta fi ta ƙananan motoci tsayi. Idan aka ƙaddara mota mai kilo 2,500 wadda cibiyarta ke santimita 80 daga ƙasa, aka ɗora mata kilo 200 a tsayin santimita 210, lissafi ya nuna cibiyar za ta koma kusan santimita 90. Wannan ƙarin na santimita 10 ba ya bayyana a miƙaƙƙen titi, yana bayyana ne a lokacin da direba ya fizge sitiyari don kauce wa saniya ko babur, ko a gangaren Dass inda ƙafafun gefe guda suka hau dutse, ko a cikin rairayi inda taya ɗaya ta nutse ba zato. Jarkar da ba ta cika ba tana ƙara tsananta lamarin, domin ruwan da ke cikinta yana kwaranya zuwa gefen da motar ta karkata a daidai lokacin da ake buƙatar ta miƙe.

Abin da ya cancanci hawa sama

Ƙa'idar da gogaggun direbobi ke bi ita ce, mai nauyi ya zauna ƙasa tsakanin ƙafafun gaba da na baya, mai girma marar nauyi ya hau sama. Katifa da tabarmi da gidan sauro da tanti da kujerun roba da jarkokin da babu komai a ciki da tamfol duk kayan rufi ne. Haka ma shebur da faifan da ake shimfiɗa wa taya idan mota ta kafe a rairayi ko laka, domin ba su da nauyi, suna dawowa da datti, kuma ana son a same su da sauri ba tare da an sauke kowa ba. Ruwan sha da akwatin kayan gyara da batir da janareto da buhunan hatsi wurinsu ƙasa ne. Safaya ta biyu, wadda mai tafiya cikin ƙaya da duwatsu ba ya rasa ta, ta fi dacewa da ƙofar baya ko cikin bodi, idan kuma babu makawa sai ta hau, a kwantar da ita a tsakiya kusa da inda ƙafafun kariya suke, a rage wani abu a madadinta.

Fetur yana da hukunci na musamman, saboda a watannin Maris da Afrilu zafin Bauchi yakan kai digiri 40, kuma jarkar da ta wuni a rana a kan ƙarfe takan kumbura da tururin mai. Jarkar ƙarfe mai murfin da ke kullewa ta fi ta roba aminci, ba a cika ta har baki domin man ya sami wurin faɗaɗa, ana sauke ta ƙasa kafin a zuba mata mai ko a buɗe ta, kuma da zarar tanki ya sami wuri sai a juye ta don rufi ya huta. Tukunyar gas kuwa a tsaye ake ɗaure ta, nesa da wayar lantarki.

Akwai kayan da rana ke kashe amfaninsu ko da ba su da nauyi. Ayarin ma'aikatan rigakafi, waɗanda aikinsu a ƙauyuka masu wuyar shiga ya taimaka har aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali a ranar 25 ga Agustan 2020, suna tafiya da akwatunan sanyi da dole su tsaya tsakanin digiri 2 da 8, don haka akwatin magani a cikin mota yake zama, a inuwa, ko da hakan zai sa jakunkunan ma'aikata su koma sama. Abinci ma haka ne, musamman ga mai zuwa Yankari, domin gwaggon birin sansanin Wikki ya saba da mutane, yana haye mota cikin ƙiftawar ido, yana yage leda da buhu, kuma duk abin ci da aka bari a kan kariya ba a kulle ba nasa ne.

A 'yan shekarun nan an ƙara wasu kayan zamani a kan kariya. Faifan sola mai ƙarfin wat 100, wanda nauyinsa bai wuce kilo 8 ba, yana iya cajin batir na biyu don waya da fitila da ƙaramin firji, muddin an bar masa sarari a ƙasa iska ta ratsa, kuma ana share masa ƙurar hunturu. Rumfar da ake naɗewa a gefen mota tana ba ma'aikata inuwa a wurin da babu bishiya. Tantin da ake kafawa a rufi kuwa yakan kai kilo 50 ko fiye, wato shi kaɗai yana iya cinye duk abin da ya rage a lissafi. Doguwar fitilar da ake liƙawa a goshin kariya tana haska daji da nisa, amma a cikin hazo haskenta yakan dawo idon direba, a kan titi kuma tana kashe idon mai tahowa, don haka a daji kawai ake kunna ta, kuma wayarta sai da fis, domin wayar da ta goge a jikin ƙarfe tana iya tayar da gobara a kusa da jarkar mai.

Ɗauri da duba

Kayan sammako, in ji masu iya magana, da maraice akan ɗaure shi, kuma lodin rufi ya fi kowane kaya buƙatar wannan natsuwa. Abin da aka fi amfani da shi a tashoshi shi ne igiya da robar da ake yankowa daga tsohon tiyub, wadda ke da arha da saurin ɗaurawa, amma tana miƙewa idan kaya ya fizga, rana kuma tana busar da ita har ta tsinke ba tare da alama ba. Ɗamarar zare mai ƙarfen matsewa ta fi ta riƙo ga duk abu mai nauyi. Ƙa'idar ɗaure kaya da ake bi a Turai ta tanadi cewa ɗauri ya iya tare kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya ta gaba, da kashi 50 ta gefe, saboda idan aka taka birki da ƙarfi kayan gaba suke nufa, wato kan gilashi da bonet. Ana ɗaure kowane abu mai nauyi shi kaɗai a jikin kariya, sannan a lulluɓe duka da tamfol, a cusa bakinsa na gaba a ƙarƙashin kaya don kada iska ta shige shi, a bi da raga ko igiya a kai.

Gargadar burji tana kwance noti kamar yadda sifana ke kwance shi, don haka direba mai lura yakan tsaya bayan ɗan lokaci da barin kwalta ya zagaya motar, ya girgiza kariyar da hannu, ya taɓa kowace ɗamara, ya duba gindin ƙafafu ko fenti ya fara tsagewa, domin tsagewar fenti a kan walda ita ce alamar farko ta gajiyar ƙarfe. Ya kamata kuma ya san tsayin motarsa da kayanta, wanda kan wuce mita biyu da rabi, saboda rassan itatuwa a daji da wayoyin lantarki da suka sunkuyo a lungunan cikin gari.

Kuɗin mai, doka da abin da ya kamata a yi

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kowane mai mota ya koma lissafin lita, kuma kariya tana da kaso a wannan lissafi. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne ninki huɗu idan gudu ya ninka biyu, don haka tulin kaya a rufi ya fi shan mai a kan titin Jos ko na Gombe fiye da cikin daji inda ake tafiya a hankali. Kwantar da kaya maimakon tsayar da su, da sa gajeru a gaba, da sauke komai idan an dawo gari, duk suna rage asara. Ta fuskar doka, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana ɗaukar lodin da ya wuce kima a matsayin laifi, kuma abin da ake gani a ranakun kasuwannin Soro da Alkaleri da Mararrabar Liman Katagum, inda ake ɗora buhuna a rufi sannan mutane su zauna a kansu, ya fito ne daga ƙarancin motoci da tsadar sufuri, amma talauci ba ya sauya dokar nauyi, kuma wanda ke zaune a sama shi ne na farko da ke faɗowa.

Gyaran wannan al'amari ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Mai walda yana iya ɗora kariyar da ya gama a kan sikelin da ake auna hatsi, ya buga nauyinta a ɗan falle ya liƙa a jikinta. Hukumomi da ƙungiyoyin da ke da jerin motocin aiki suna iya rubuta iyakar nauyin rufi a gaban kowane direba, su ajiye sikeli a inda ake lodi. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ta Abubakar Tatari Ali, waɗanda duk suke cikin garin Bauchi kuma suke koyar da aikin injiniya, suna da ilimin da za su fitar da zanen kariya marar nauyi da ya dace da ƙarfen da ake samu a kasuwa, su gwada ƙarfinta, su koyar da ƙungiyoyin masu walda da na direbobi cikin harshen Hausa. Idan aka haɗa wannan awo da ƙwarewar hannu da garin ya riga ya mallaka, motar da ta tashi zuwa Gaji ko Burra ko fadamun Zaki za ta isa da mutanenta da kayanta, ta kuma dawo a kan ƙafafunta.